Tururuwa a Ludayi

Ba wanda ya gaya wa Kubura cewa jego aiki ne. Da cikinta ya shiga wata bakwai aka ɗauko ta daga Babban Mutum, garin mijinta, aka kawo ta Daura goyon ciki wurin Gwaggo Maiturare, yayar babanta, wadda ta riƙe ta tun daga yaye. Labarin da take ji a bakin mata duk na kauri ne da gasasshen nama da atamfar fitar suna. Babu wadda ta taɓa ce mata ɗan mutum da bai fi kamu ɗaya ba zai iya ɓata tsumma goma kafin azahar, ko kuma nono yakan zubo da kansa ya jiƙa zani ko da jaririn maƙwabta ne ya yi kuka. Safe da yamma ga tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ana tsula mata a baya, ga kunun kanwa kwarya guda, ta sha ko tana so ko ba ta so.

Namiji ta haifa, aka sa masa Kalilu. Sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, don ɗan fari ne. In da mutane a ɗaki ba ta ɗaukarsa sai an miƙo mata, in an miƙo kuma sai ta kau da kai kamar an ba ta ajiyar kayan wani. Gwaggo na jin daɗin haka ƙwarai. Duk wadda ta shigo barka sai ta ce mata, "Renona ce. Kunya kam sai dai a zo a koya wurinta." Amma da zarar ɗaki ya watse, Kubura takan sunkuya ta shinshina wuyansa, ta ƙirga yatsunsa, ta sake ƙirgawa. Son da take yi masa har tsoro yake ba ta.

Uban yaron, Maharazu, direban babbar mota ne mai jigilar siminti daga Ikko, a shekarun nan da kuɗin mai suka sa kowa ya tashi gini. Ya zo suna da rago, da gwangwani shida na madarar jarirai, da bulumboti, ya ce abin da matan ma'aikata ke ba 'ya'yansu ke nan a can. Kwana biyu ya yi ya koma. Gwaggo ta jera gwangwanayen a saman kwanuka don ado.

A kwana na goma sha biyu yaron ya wuni yana kuka, yana tumbiɗi, kashinsa ya yi kore. Abin da kowane jariri ke yi ne, amma gidan jego ba ya rasa masana. Laraba ta gidan baya ta leƙa tsumman ta taɓe baki, ta ce, "Maiturare, kin kuwa gwada nonon yarinyar nan?"

Washegari da hantsi aka yi gwajin a gindin ɗaki. Kubura ta tatsa a cikin sabon ludayi. Ƙa'idar abin ita ce a jefa tururuwa a ciki: in ta iyo ta fita, nono mai kyau ne, in ta mutu, mugun nono ne, ba a ba yaro. Gwaggo ta durƙusa tana laluben ƙasa, don yanar ido ta fara rufe mata gani, abin da ba ta yarda a faɗa. Ta damƙo tururuwa da yatsun da suka shekara hamsin suna murza zare. Kubura ce ke riƙe da ludayin, ita ce mafi kusa, kuma ta gani da idonta: tururuwar a murƙushe ta faɗa, ko ƙafa ɗaya ba ta motsa ba.

Laraba ta leƙo ta ce, "Ta mutu." Matan da suka taru suka ɗauki salati.

Maganar ta zo wa Kubura har baki. To, amma ta ce me? Ta buɗe baki a gaban manya ta yi gardama a kan ɗan fari, a kan nonon jikinta? Ta kuma nuna wa Laraba cewa idon Gwaggo ya tafi? Kafin la'asar da duk unguwa ta ji cewa renon Maiturare ya fito ba kunya. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Gwaggo ta dafa kanta ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Allah ya sa ma uban ya kawo na Bature."

Aka sauko da gwangwani. Babu wanda ya iya karanta rubutun jikinsa, don haka Gwaggo ke damawa da ruwan randa yadda ta ga dama. Ita kuwa Kubura aka haɗa mata jiƙo na wanke nono, aka ce ta riƙa tatsewa a bayan ɗaki tana rufewa da ƙasa. Ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri kamar ɗanyar gwanda, ko zani ya taɓa sai ta cije leɓe. In yaron ya yi kuka a hannun Gwaggo, nonon ya tsattsafo, sai ta tashi ta zagaya ta ba ƙasa abincinsa. Sau biyu ta saci jiki ta ba shi lokacin da Gwaggo ke sallar walaha, ya kama da ƙarfi har ta ji a bayanta. A karo na biyu Laraba ta shigo aron rariya ta same su, ta kwarma ihu wai za ta kashe ɗan mutane. Daga ranar aka mai da shimfiɗarsa ɗakin Gwaggo.

Kwanaki suka tafi. Ciwon ƙirjin ya ragu, zani ya daina jiƙewa, kuma abin takaici, Kubura har daɗi ta ji da ta samu ta kwanta rubda ciki. Gwangwani kuwa sai ƙarewa yake. Maharazu ya aiko da saƙo cewa motoci sun yi layi a tashar jirgin ruwa, ba ranar tahowa. An duba kantunan gari babu irin madarar, wani mai zuwa Kwangwalam ta bakin iyaka ma ya dawo hannu wofi. Gwaggo ta fara rage cokali tana ƙara ruwa. Yaron ya kama gudawa. Kubura ce mai wankin tsumma, don haka ta fi kowa sani: ashirin da ɗaya ta shanya ranar Talata. Fatar cinyarsa ta yi yaushi, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan mage.

Ranar da ya cika kwana talatin da shida, Gwaggo ta kankare gindin gwangwani na ƙarshe. Kubura ta fito daga wanka, tururi na tashi a jikinta, ta same ta zaune a tabarma da yaron a cinya. Ta durƙusa.

"Gwaggo."

"Na'am, 'yar nan."

"Tururuwar nan ta ranar, a mace kika saka ta. Hannunki ne ya murƙushe ta. Na gani. Ki ba ni Kalilu."

Tunda aka raɗa sunan, ranar ce ta fara faɗarsa. Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Gwaggo ta daɗe tana murza babban yatsanta da manuni, kamar mai neman wani abu a tsakaninsu. Can ta ce, "Kika gani, kika yi shiru?"

"Ke kika koya mini, Gwaggo."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Ɗauko ludayin. Wannan karon ke za ki kamo ta da kanki."

Kubura ta ɗauko. Ta tara karan tsintsiya, wata baƙar tururuwa ta hau, ta sauke ta a bakin ludayin a hankali. Sannan ta kwance zani ta matsa na dama. Ta matsa na hagu. Ta koma na dama ta matsa har sai da shatin yatsunta ya fito. Ko ɗigo. Tururuwar ta gangara cikin busasshen ludayi, ta zagaya sau biyu, ta hau ɗaya gefen ta kama hanyarta.

Gwaggo ta karkato da fuska, idanunta fari-fari. "Yaya? Ta mutu ko tana da rai?"

"Tana da rai, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi! Ungo ɗanki, ba shi ya sha."

Kubura ta karɓe shi, ba nauyi ko kaɗan. Ta sa masa a baki. Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, sannan ya saki ya juyar da kai wajen Gwaggo yana laluben bulumboti.