Kwalbar Mani

Shekaru kaɗan bayan Nijar ta samu mulkin kai, an yi wani makiyayi a Dumega mai suna Mani. Wata cuta ta kama shi wadda ba ta faɗuwa: gemunsa ya zube, ya daina iya kusantar iyali, in kuma ya matsa ƙirjinsa sai farin ruwa ya tsattsafo kamar nono. Ko a zafin bazara riga biyu yake sawa. Matarsa Hure kaɗai ta sani. Ta kai shi wurin 'yan bori, suka ce Doguwa ce, aka yanka akuya, shiru kake ji.

Daga ƙarshe ya tafi asibitin Dogon Dutsi. Lokotoro ya ɗebi jininsa, ya miƙo masa wata ƙatuwar kwalba.

Ya ce, "Akwai wata 'yar tsoka ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta fi ƙwayar gujjiya ba. Ita ke sako wani sinadari cikin jini, yana kuma fita ta fitsari. Ka tara na yini da kwana ka kawo, a aika Dakar a auna."

Mani ya koma gida ya cika ta a ɓoye, ya naɗe da tsumma. Ranar mayarwa ya hau motar kasuwa, sai ga surukinsa Liman Abdussalam, mahaifin Hure, ya zauna daf da shi.

Da rana ta take, tsoho ya dubi ƙunshin. "Mani, ba ni ruwan nan in jiƙa maƙoshi."

"Ba ruwa ba ne, Baba."

"Nono ne? Ai ya ma fi." Ya miƙo hannu.

Mani ya ƙanƙame kwalbar, ya sunkuyar da kai. "Fitsarina ne, Baba. Na asibiti."

Wata mai tallar daddawa ta ji, ta kece da dariya, mota duka ta ɗauka. Mani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Liman kuwa bai ko janye rigarsa daga kwalbar ba. Da aka sauka ya bi shi har ƙofar asibiti, ya zauna a gindin itacen bedi yana jan tasbaha.

Sai bayan damina sakamako ya zo. Lokotoro ya ce sinadarin ya yi ƙaranci ƙwarai, yana zaton tsokar ce ta kumbura. Ba iska ba ce, ba kuma laifinsa ba ne. Ya tura shi babban asibitin Yamai, Hure ta raka shi.

An samu sauƙi kaɗan, gemun dai bai dawo ba. A kasuwa aka sa masa suna Mai Kwalba, a hankali ya saba. Amma har Liman ya rasu, in Mani ya hango shi a hanya, sai ya karkata shanunsa ya bi ta bayan gonaki.