Ƙullin da ke Cikin Shafin Jaka

Ina cikin yankan fata da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar waje. Na ɗauka da fara'a, don na zaci Madam ce, Baturiyar da ta ga jakunkunanmu a intanet ta yi komand, wato ta ce mu ɗinka mata ɗari biyu. Wata takwas tana wahalar da mu: wannan ja ya yi duhu, waccan tana warin jima, kowace fata sai da takardarta. Mu da muka gaji dukanci a Agadas, yau ana koya mana launin ja ta waya! Muka haƙura, saboda idan ta karɓa, mata goma sha biyu sun sami aikin shekara.

Muryar yayana Lukumanu na ji, wanda ya tafi kai wa Madam kayan.

"Ramata, 'yan duwan masu binciken kaya sun tsare ni a filin jirgi. Na'urarsu ta nuna wani ƙulli ɗinke cikin shafin jaka guda, da gari a ciki. Sun ce ƙwaya ce. Wa ya ɗinka mai kore ɗin nan?"

Na san mai kore. Inna ce ta karɓe ta daga hannuna daren tafiya ya rage kwana biyu, ta ce ɗinkina ya karkace. Ni kuwa har na ji haushi.

Na same ta a tsakar gida tana murza zaren fata a cinya. Da na faɗa mata, hannunta ya tsaya, amma ba ta ɗago ba.

"Inna, mi kika sa ciki?"

"Ba a faɗi."

"Ɗanki na hannun mutane! Shekaru ake yi a kaso kan wannan zance."

"In an faɗi, ya karye," ta ce. "Haka uwata ta yi ma ubana duk sa'ad da za shi Bilma da ayari, kuma bai taɓa ɓata a hanya ba, kullum sai ya komo."

Wallahi na so in yi ihu. Tsoro biyu ne a gidan, nawa da nata, kuma nata ya girmi nawa da shekara sittin. Ni ina ganin Lukumanu a ɗakin da ba taga, cikin mutanen da ba su san sunan ubansa ba. Ita tana ganin idan ta buɗe baki ta tsinke igiyar da za ta jawo shi gida.

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon wata mata ce, da Faransanci mai sanyi kamar ruwan randa. Ta ce minti biyar gare mu, wanda ya ɗinka ya yi bayani. A bayanta na jiyo tarin Lukumanu, irin wanda yake yi tun yana yaro in ya firgita. Inna ma ta ji. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Ƙasa ce," ta ce da Hausa, hawaye na zuba. "Ƙasar bakin ƙofarmu. Na ɗiba na ƙulle don ƙafarshi ta komo ta taka ta. Ku sakar mini ɗa."

Na fassara, ina jin kunya da tausayi suna cin raina lokaci guda. Na ji matar tana buga wani abu a na'ura. Sannan ta ce ta rubuta, amma maganar baki ba hujja ba ce. Za a kai garin labo a gwada shi, sakamako sai bayan sati uku, kuma har lokacin yana hannunsu. Sauran jakunkunan kuwa za a farke shafin kowace ɗaya a duba. Ta kashe.

Ban ko tuna da Madam ba, balle aikin wata takwas da za a bi da reza. Inna na bi da ido. Ta tashi ta nufi zaure, ta durƙusa a bakin ƙofa inda wani ɗan rami yake, wanda na yi kwanaki ina tsallakewa ban kula ba. Ta sa tafin hannu ta rufe shi.

"Ramata," ta ce, ba ta juyo ba. "Na faɗi. Yanzu mi za ya maido shi?"