Ɗan Gidan Madu

Alhaji Rabe dillalin riɗi bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Tun ranar da liman ya raɗa wa jaririn suna Haisam, sunan bai fito daga bakin Rabe ba ko da wasa, kuma duk Nguru babu wanda ya ga baƙinsa. Haka ubansa ya yi masa, haka kakansa ya yi a Haɗeja tun kafin su biyo jirgin ƙasa su zo fatauci. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yaba masa. Ana yaye Haisam ma aka miƙa shi ga Madu, yayan mahaifiyarsa Bintu, wanda ke sana'ar kifi banda a Gashuwa. Can ya yi wayo, can ya yi karatu. Shi ya sa idan ta kama dole Rabe ya yi zancensa, sai ya ce "ɗan gidan Madu".

Da Haisam ya gama karatu ya dawo Nguru, ya zauna a shagon uban. Magana tsakaninsu sai ta bakin ƙaninsa Hashim. "Faɗa wa yayanka ya duba buhunan nan," alhali yayan yana tsaye a gefe yana ji. Haisam bai taɓa ɗaga kai ba. Abin da ya sa a gaba shi ne ƙungiyar masu keke da ya kafa, Taya Biyu, waɗanda ke fita duk Asabar da hulunan kwano suna zaga bakin tafki. Da likita ya tsoratar da Rabe da hawan jini, amininsa Dunoma ya ja shi cikin ƙungiyar. Sai ga uba yana tuƙa feda a ƙarƙashin usur ɗin ɗansa, abin da 'yan kasuwa suka daɗe suna yi masa tsiya a kai.

Ana jibi za su yi doguwar tafiya zuwa Gashuwa, Bintu ta same shi bayan la'asar.

"Alhaji, yaron nan ya ɗaure kayansa. Ya ce in sun kai Gashuwa ba zai dawo ba, wajen Ya Madu zai zauna."

"Wani ya yi masa wani abu ne?"

"Babu wanda ya yi masa komai. Shi ne ma abin da ya ishe shi. Ya ce ko baƙo ne ya zo gida ana tambayar sunansa." Ta sunkuyar da kai, don ita ma ba kiran sunan take ba. "Ni dai na faɗa maka. In ka bari ya zauna can, ka rasa shi."

Rabe bai taɓa wuce bakin gari a kan keke ba, amma ya sa aka ƙara masa iska a taya. Lissafinsa shi ne hanya doguwa ce, ba za a rasa inda zai matsa kusa da yaron ya faɗi abin da zai faɗa ba. Mene ne abin, shi ma bai sani ba.

Suka tashi bayan asuba, tsakiyar damina, gari ya yi luf. Samarin duk sun sa matsattsun kayan nan da ke kama jiki. Rabe kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai sa ba, ya fito da riga da wando, ya ɗaure ƙafar wandon da roba.

"Bahaɗeje, ɗaurin aure za ka ko kamun kifi?" in ji Dunoma.

"Ka ji da tumbinka," in ji Rabe.

Haisam na gaba da usur a wuya. Lokaci zuwa lokaci yakan sassauta, ya bari jerin ya wuce shi, ya duba na baya, sannan ya bi ta gefe ya koma gaba. Kowa na kiransa. Kyaftin Haisam, kacata ta zame. Haisam, ruwana ya ƙare. Sunan na yawo a bakin kowa kamar goron biki. Sau biyu yana zuwa daidai da uban, keke kusa da keke, har Rabe na jin numfashinsa. Karon farko Rabe ya ce, "Hadari na haɗowa." Haisam ya ce, "Haka ne, Alhaji." Karo na biyu ko wannan bai samu ba, gyaran murya kawai ya yi.

Hadarin kuwa ya gangamo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin su kai Jajimaji ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suka fake a wata rumfar mai shayi, da suka ga ba shi da niyyar tsagaitawa suka ce gara su ci gaba. Rigar Rabe ta jiƙe sharkaf ta manne masa, wandon ya yi nauyi, cinyoyinsa na zogi. Tayar na gaba tana watsa masa taɓo a fuska. Gonakin gero a dama da hagu duk sun kwanta, goruba na kaɗawa. Shi ne na ƙarshe a jeri, Dunoma na gabansa yana huci.

Bayan Jajimaji akwai wani kwari inda ruwa ke tsallake kwalta. Rabe ya san wurin kamar tafin hannunsa. Makon da ya wuce ya bi ta nan a motar riɗi, ya ga yadda ruwa ya zaftare gefen kwalbatin ta hannun dama, rami mai zurfi da direba ya kauce wa da ƙyar. Yau jan ruwa ya shafe komai, hanya da rami duk ɗaya. Samarin suka bi tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Haisam kuwa, da ya dawo baya ya ga tsofaffin nan biyu na tafe, sai ya miƙe a kan feda ya ɗauki gefen dama don ya koma gaba.

Rabe ya ga inda ya nufa.

"Kai!" ya ɗaga murya. "Kai, yaro!"

Mutum uku suka waigo, babu Haisam a ciki. Ruwa na dukan hular kwano, iska na kuka, a irin wannan hayaniya ba abin da ke ratsa kunnen mutum sai sunansa. Sunan ya zo kan harshen Rabe, ya ji shi, ya buɗe baki. Sai bakin ya yi abin da ya saba.

"Ɗan gidan Madu!"

Ƙafar gaban keken ta nutse. Haisam ya wuntsila ta saman kan keke, ya daki bakin siminti, ruwa ya ja shi ƙasa. Biyu daga cikin samarin, Zakir da Hizbullahi, suka watsar da kekunansu suka faɗa ciki har ƙugu, suka kamo shi ta riga. Da suka fito da shi yana tari, hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa.

Kowa ya ruga wajensa. Rabe ya sauka daga keke ya tsaya nesa kaɗan, riƙe da kan keken da hannu biyu. Ƙafafunsa na so su tafi, amma uba ba ya rawar jiki a kan ɗan fari a gaban jama'a. Ya tsaya yana kallon wasu na tallafe da kan ɗansa, yana jin ƙyamar kansa har cikin ƙashi.

Dunoma ya juyo, ruwa na zuba daga gemunsa. "Rabe, na ji kana ihu tun kafin ya faɗa. Ka san da ramin nan?"

"Na sani."

"To me ya hana ka kira shi?"

"Na kira."

"Ka kira wa? Madu yana Gashuwa." Dunoma mutum ne mai barkwanci, amma yau babu dariya a fuskarsa. "Ranar wanka ake ɓoye cibi? Yaro zai halaka kana yi masa kara?"

Cikin samarin kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Rabe ya ji da ma kwalbatin shi ya haɗiye. Sai Haisam ya yi magana daga inda yake zaune a taɓo, yana cije leɓe.

"Baba Dunoma, bar shi. Alhaji bai saba ba ne."

Ba da gatse ya faɗa ba. Kare uban yake yi, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Suka tsayar da wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gawayi. Aka sa Haisam a gaba, aka ɗora kekensa a baya. Direba ya ce akwai wurin mutum ɗaya, wa zai raka shi? Duk idanu suka koma kan Rabe. Kafin ya gama kokawa da kansa Dunoma ya yi tsaki, ya ɗora nasa keken a baya ya shige, mota ta tashi. Da ma Haisam ya ce a kai shi gidan Kawu Madu, akwai maɗori a unguwarsu.

Saura suka hau kekuna, jiki a sanyaye. Ba a jima ba suka yi wa Rabe nisa, shi ma bai yi ƙoƙarin kamo su ba. Ruwan ya koma yayyafi mai naci. Hanya ta zama tasa shi kaɗai, sai fadamun shinkafa da kukan kwaɗi. Ya waiga gaba da baya, ya ga babu kowa, sannan ya gwada a hankali kamar mai satar nama a tukunya.

"Haisam."

Ashe sunan ba shi da nauyin komai. Gaɓa biyu ne, ko numfashi bai ci masa ba. Wannan ne ya ƙara ƙona masa rai. Ya sake faɗa, ya ƙara ɗaga murya, har ya kai yana kwarara shi da iyakar ƙarfinsa yana tuƙi, hawaye na gauraya da ruwan sama. Wani manomi da ke gyaran kunya da buhu a ka ya miƙe yana kallon dattijo a kan keke yana kiran wanda babu. Rabe ya san ihu ne bayan hari, amma bai daina ba sai da ya hango gidajen Gashuwa.

Ya iske kekunan ƙungiya jingine a ƙofar gidan Madu, ƙamshin banda ya cika layin. A zaure an shimfiɗa tabarma, maɗori ya gama aikinsa yana wanke hannu. An ɗaure hannun da karare da farin ƙyalle. Haisam na kwance ido rufe, gumi ya keto masa, kansa a kan cinyar Madu. Madu ne ya riƙe shi lokacin da ake jan ƙashin, kamar yadda ya riƙe shi ranar kaciya da duk wata rana mai wuya.

"Wushe, Alhaji, wushe da hanya," in ji Madu, yana yi masa sannu da Barbarci. "Ka sha ruwa. A kawo masa riga."

Rabe bai jira riga ba. Ya tuɓe takalmi, ya ratsa samarin da ke zaune a bakin zaure, taɓo na ɗiga daga wandonsa, ya durƙusa a gefen tabarmar. Dunoma na kallonsa, Zakir na kallonsa, maɗori ma ya dakata. Kunya ta rufe shi, ta yau da ta shekarun baya duka. Ya haɗiye ta.

"Haisam."

"Na'am, Kawu," in ji Haisam, bai buɗe ido ba.

Madu ya shafa kan yaron.

"Ba ni ba ne," ya ce a hankali.

Haisam ya buɗe ido ya ga uban. Ya yunƙura zai tashi zaune don ladabi, Rabe ya dafa kafaɗarsa mai lafiya ya mai da shi. Rabon da ya taɓa jikin yaron nan har ya manta.

"Sannu," in ji Rabe. "Laifina ne. Na ga ramin." Ya tsaya ya nemo sauran maganar. "In ka ji sauƙi, ka zo mu koma gida."

Haisam ya daɗe yana kallonsa. Babu fushi a idonsa, sai tausayi, irin wanda ake yi wa baƙon da ya sha wahalar hanya.

"Na gode, Alhaji. Allah Ya ƙara girma." Ya ɗan gyara kansa a cinyar Madu. "Ai gida nake."

Madu ya kau da kai. Dunoma ya tashi ya fita waje kamar mai duba kekensa.

Rabe bai iya komawa a kan keke ba. Bayan la'asar aka ɗaure masa shi a saman motar haya, ya zauna a baya cikin aron rigar Madu wadda ta yi masa yawa, tana warin hayaƙin kifi. Da suka zo kwarin nan ruwa ya janye, ramin ya fito fili, wani ya kafa reshen ƙaya a bakinsa. Fasinjoji suka yi ta zancen wani mai keke da aka ce ya faɗa ciki da safe. Rabe ya mai da fuskarsa taga.

Ana kiran magariba ya tura kekensa cikin gida. Bintu na tsaye a tsakar gida da buta a hannu. Ta dubi rigar da ke jikinsa, ta dubi bayansa, ta ga babu kowa.

"Alhaji, ina yaron?"

Rabe ya jingine keken a bango.

"Haisam ya zauna," ya ce.

Bintu ta kai hannu ta rufe bakinta, butar ta zame ta faɗi, ruwan ya bi ƙasa.