Nauyin Bayan Mota

Duk garejin babu wanda bai san Mai Ƙarfe ba. Mota ta sha yin adungure da shi a filin tsere, ya sha fitowa da ƙafarsa, hatsarin ƙarshe ne ma ya bar masa ƙarfe a cinya. Sa'o'insa duk suna ƙasa, shi kuwa yana nan daram. Irinsu ba a sake yi ba.

Tseren gajere ne, a miƙaƙƙiyar kwalta. Motoci biyu su jeru, a ɗaga tuta, wanda ya riga kai layi ya ci. Auta, ɗan Mai Ƙarfe, shi zai shiga tseren; ya ɗora wa motarsa inji mai ƙarfin tsiya, sannan ya yashe ta don ta yi sauƙi: kujerar baya, safaya, jak, duk ya fitar.

Da safe a filin, tsohon ya danna bayan motar da hannu ɗaya. Ta yi tsalle kamar kwali.

"Auta, tayoyin baya ke tura motar nan. Wa zai danne maka su? Kana taka totur za su yi ta juyi a banza, su wurga ka gefe. Sa buhun yashi biyu a but."

"Haba Baba! Na sha wahalar rage mata nauyi, in ɗora yashi? A ce tifa na kawo tsere?"

Makanikai suka kwashe da dariya. Mai Ƙarfe bai yi ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya ja ƙafarsa mai ciwo, ya zauna a kan tsurar ƙarfe inda kujera take a da.

"Ni na kai buhu biyu. Ja mu je."

"Baba, fito don Allah. Ko bel babu a nan."

"Ai ka ce za ta riƙe hanya. In ta riƙe, me zai same ni?"

"Ana kallonmu fa."

"A kalla. A bakin layin can na tsaya na kalli yayanka ya tafi, a hannu aka dawo mini da shi. Na gama tsayawa kallo."

Dariyar ta ɗauke. Mai tuta ya fara yafuto su. Auta ya shiga, ya tayar da inji, motar ta ɗauki rawa. Ya waiwaya. Tsohon ya dafe ƙasa da hannu biyu, haƙoransa na haɗuwa saboda girgiza, amma idonsa ƙyam a kan hanya.

Auta ya daɗe riƙe da giya. Sai ya murɗa makulli, injin ya mutu.

Ya leƙa ta taga, ya ƙwala wa mai facin taya da ke gefen filin kira. "Mai faci, ara mini shebur."

Suna cikin cika buhun farko aka ɗaga tuta, abokin karawar Auta ya wuce babu kowa a gefensa. Mai Ƙarfe bai ko motsa ba. Sai da ya ji an ɗaure buhu na biyu a but, sannan ya miƙa wa Auta hannu ya ce, "Zo ka tashe ni, ƙafar ta sage."