Jimla Ɗaya ga Don Sabino

Shekara shida ina ajiye takardun wasan Likita Nélida Apaza a gwangwanin biskit, don ni ce ke zama bayan labule ina tuna wa 'yan wasa abin da suka manta. Ita kaɗai ce likita a garinmu na mahaƙan kuza, can saman birnin Oruro. Da safe tana duba marasa lafiya, da yamma ta kama rubutu. Yaran garin kaf sun haddace littafinta na tunkiyar nan mai tsoron hawa dutse.

Duk shekara takan shirya wasan kwaikwayo a bikin ƙungiyar mahaƙa, kuma mijina Sabino ne ke jan gaba. Mutumin nan ya shekara ashirin da takwas yana shiga rami, yana tari kamar tsohuwar mota, amma ko da wasa ba ya taka asibiti. Ya san ranar da aka rubuta cewa ƙura ta ci huhunsa, ranar za a karɓe fitilarsa ta aiki. Na yi faɗa, na yi kuka, har na gaji na sa masa ido.

Bana da aka raba takardu, sai aka ba shi matsayin tsoho mai gadin ƙofa, a zaune, da jimla ɗaya tak: "Ku shigo, akwai sanyi."

Ya juya takardar gaba da baya. "Ni Sabino Huanca ne mai gadi? Fermina, je ki tambaye ta, ko sauran shafukana sun maƙale a aljihunta."

Ni fa ba a ba ni abu a dunƙule in bar shi haka. Na zazzage gwangwanin a kan gado na jera takardun shekara-shekara. A ta farko jawabinsa layi goma sha biyu ne, daga nan goma, takwas, biyar, uku. Sai idona ya kai kan 'yan ɗigon fensir da Likita take yi a takarda lokacin gwajin wasa, waɗanda na daɗe ina zaton wurin tafi ne. A shekarar farko sun yi nisa da juna. A ta bara kuwa, duk bayan kalma huɗu akwai ɗigo. Wane irin tafi ne wannan?

Washegari na same ta a asibiti tana shan shayin ganyen koka, na baje mata takardun a tebur.

"Likita, ɗigon nan na mene ne?"

"Wurin da yake tsayawa ya ja numfashi ne, Doña Fermina."

"To tafin hannun da kike sa masa a baya, kina cewa ya miƙe da kyau?"

"Mijinki ya ƙi zuwa asibitina. Sai nake sauraren huhunsa a inda ya yarda a saurare shi."

Raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro. "Shekara shida kina rage masa magana don kada ya ji kunya a gaban jama'a, ba ki gaya min ba?"

"Shi na gaya wa, sau uku. Ya ce in ji da tunkiyar littafina." Ta ture kofin gefe. "Na yi kuskure da nake gyara masa layi, ya ɗauka lafiyarsa ƙalau. Bana na daina. Idan ya ƙara shekara ɗaya a rami, ko jimlar nan ba zai ƙarasa ba."

Da ya dawo aiki na ajiye masa miyar gyaɗa, na ajiye takardar shekarar farko a gefen kwano.

"Karanta min wannan, irin yadda ka yi a da."

"Yau kuma ke ce mai ba da umarni?" in ji shi, amma ya miƙe, ya gyara wuyan riga, don Sabino ba ya ƙin 'yan kallo ko da mutum ɗaya ne. Ya fara da ƙarfinsa. A layi na biyu ya tsaya. A na uku ya dafa kujera. Bai kai na biyar ba tari ya zaunar da shi. Na nuna masa ɗigon, na shekarar farko da na bara. Ya yi ta kallonsu har miyar ta huce.

Da safe ya ɗauki fitilarsa kamar kullum. A mararraba sai ya bar hanyar rami ya kama ta asibiti, ni kuma ina biye da shi a baya.

Ya tsaya a bakin ƙofarta yana haki. "Likita, na zo karɓar shafukana."

"Cire riga, Don Sabino."

Ya miƙo min fitilar in riƙe, ya fara ɓalle maɓalli.