Muryar Halliru a Cikin Na'ura

Shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara, Muttaka mai gyaran waya a Gummi ya daina jin ɗuriyar ƙanensa Halliru, ɗan sa-kai a wani ƙauye wajen Bukkuyum. Ya san Halliru na riƙe da oba-oba, rediyon hannu da 'yan sa-kai ke magana da juna, amma bai san tashar da suke magana a kai ba.

Muttaka na da wata 'yar na'ura mai arha da ake maƙala wa kwamfuta ta zama rediyo. Da ita ya shiga neman muryar Halliru. Ba ta iya jin tashoshi duka lokaci guda. Sai ta bi su kaɗan-kaɗan, kuma kafin ta zagayo an ci mintuna.

Kullum mahaifiyarsu kan zo shagon ta zauna a benci.

"Har yanzu ba ta kai gare shi ba?"

"Tafe take, Inna, sannu-sannu."

Wata Laraba da hantsi, sai wata murya ta fito tana haki: "Ku fitar da mata ta bakin gulbi, mu muna…" Na'urar ta wuce gaba.

Inna ta miƙe. "Wallahi Halliru na!"

Muttaka ya tsayar da na'urar, ya koma baya yana lalube. Ya sami tashar, amma ba kowa. Suka saurara har la'asar.

Daga baya wani mai babur ya kawo labari: 'yan bindiga sun shiga ƙauyen, matan sun tsira, an yi wa Halliru sutura a can.

Inna ta tambaya ko na'urar ta ajiye muryar. Muttaka ya sunkuyar da kai, ya ce ba ta ajiye ba.