Sunaye Uku a Takardar Matattu

"Rubuta Gitla," in ji Mama.

Alƙalami ya tsaya mini cak. Kowace shekara in watan Nuwamba ya kama, ni nake rubuta mata sunayen mamatanmu a 'yar takarda, a kai wa Fada ya karanta su a coci, jama'a su roƙa musu rahama. Hannunta na rawa, shi ya sa. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa jin wannan suna a bakinta ba.

"Gitla. Sai Szmul. Sai Lejb, shi yaro ne. Rubuta mana, Halina, me kike kallona?"

Mun sani, ni da yayana Zenek. Sani irin wanda ba a furtawa ko a ɗaka. Mama tana 'yar shekara takwas Jamusawa suka kwashe Yahudawan garinmu, aka harbe uwarta Gitla da ubanta Szmul da ƙaninta Lejb a dajin bayan gari. Wata mai wanki ta ɓoye ta, aka yi mata baftisma, sunanta Perla ya koma Leokadia. Fadan wancan zamani ya dafa kanta ya ce ta gode wa Allah, ita ta sami ceto, iyayenta kuwa sun ƙi Almasihu, kada ta sa rai da ganinsu a sama. Da wannan magana ta girma, ta yi aure, ta haife mu, ta tsufa.

Sai ga sabon Fada, ɗan yaro da shi, ya hau mumbari ya ce Allah ba ya janye alkawarin da ya yi wa mutanensa, ita kanta Maryamu Bayahudiya ce. Mama ta tare shi a ƙofa bayan sujada, ta raɗa masa tambayarta. Ya ce ta kawo sunayen, shi zai karanta da bakinsa.

Na rubuta. Ta sa na maimaita mata sau biyu, ta sumbaci takardar.

* * *

Zenek ya same ni a bayan gidan burodinsa, garin fulawa har gwiwar hannu. Da na faɗa masa, sai da ya leƙa titi kafin ya yi magana.

"Kin haukace ne? Ita tsufa ya kama ta, ke fa?"

Ya ce in tuna abin da aka zana da baƙin fenti a bangon gidan likitan garinmu, don kawai an ce kakarsa Bayahudiya ce. Ya ce nan Poland ce, garin nan ba a mantuwa. Rabin gidajen bakin kasuwa na mutanen da aka kwashe ne, masu zama a ciki za su ɗauka mun zo karɓa. Ga 'yarsa an sa mata rana bayan Kirsimeti, dangin ango kuwa su ne 'yan sahun gaba a coci.

Na ce masa uwarta ce fa, Yaya.

"Matattu sun riga sun mutu, Halina. Mu ne za mu ci gaba da zama a nan."

Na zage shi, na kira shi matsoraci, na bugo ƙofa. Wallahi har na isa coci ina huci. Amma a bakin akwatin da ake jefa takardun sai ga Madam Kowalik, maƙwabciyarmu, ta yi mini murmushi ta tambayi jikin Mama. Shi ke nan abin da ta yi. Na koma gefe, na yagi wata takarda na sake rubutu da sunaye irin na Kiristoci. Gitla ta zama Gertruda, Szmul ya zama Stefan, Lejb ya zama Leon. Na ce a raina ai Allah ya san su. Ni da na kira wani matsoraci.

* * *

Ranar karatun Mama ta sa baƙar rigarta ta zuwa biki, ta ce a sahun gaba za ta zauna don kunnenta ya yi nauyi. Fada ya shiga jero sunaye, gida bayan gida. Da ya zo kan namu ta damƙe hannuna. Ya kira sunan Baba, ya kira na mai wankin da ta riƙe ta. Ya kira Gertruda, Stefan, Leon. Ya ɗan ɗago ya dubi Mama, kamar mai tambayar me ya hana ta, sannan ya wuce gida na gaba.

Ta ci gaba da saurare har ƙarshe. Jama'a suka ce amin. Ita ba ta ce ba.

"Bai karanta ba," ta raɗa mini.

Na buɗe baki. Madam Kowalik na zaune a bayanmu, ina jin numfashinta a ƙeyata. Na rufe.

"Kada ki ga laifinsa, yaro ne," in ji Mama. "Ya je ya tambayi manyansa, sun gaya masa gaskiya. Ashe tsohon Fada bai yi ƙarya ba."

Daga coci kowa ya nufi maƙabarta, mu ma muka bi. Ta kunna kyandir a kabarin Baba, ta kunna a na mai wanki. Sai na ga akwai wasu uku a jakarta, sababbi fil. Ta fito da su, ta daɗe tana duba inda za ta ajiye. Can ta mayar da su ciki, ta ja zif, ta ce in riƙe ta, ƙafarta ta gaji.